Gansakukar Teku a Firjin Abbasiya

Sadik da Hanan, abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da jikata Ummi ta yi ranar ƙaramar Sallar nan da ta wuce. Kuna wurin, kun ji ta. Yarinya 'yar shekara tara, tana zaune a ƙasa da faranti a cinya, ta ɗaga kai ta gaya wa baƙon da ya zo mana barka da Sallah wai kakarta ce ta shayar da digirin kakanta ruwan famfo, shi ya sa bai zama Dakta ba. Kowa ya yi dariya. Ku ma kun yi, kuma na san dariyar kewa ce, don wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyarku, duk abin da ya ambaci sunanta daɗi yake muku. Ni kuwa na tashi na shiga ɗaki, kuka ɗauka hawan jinina ne ya motsa. Ba shi ba ne. Labarin nan ƙarya ne, ni na ƙirƙire shi, kuma ga shi ya kai ga jika. Ban iya faɗa muku da baki ba, na gwada na kasa, don haka zan rubuta yadda abin ya faru.

Kun tashi kun gan ni malamin kimiyya a wata sakandare a Ma'adi, kullum da jakar takardun gyara a hammata. Ba wannan ne ya kawo ni Masar ba. Daga Nguru aka turo ni karatun addini, da addu'ar rabin unguwa a kaina. Na yi shekara biyu ina fama da nahawu, sai na gane hankalina yana wani wuri. In mota ta hau gadar Nilu, abokaina suna bitar haddarsu, ni ina leƙen koren abin da ke manne a duwatsun gaɓa. A bakin fadama na girma, na san gansakuka tun kafin in san baƙi da wasali. Na koma karatun tsirrai, aka yi ta surutu a gida, daga baya aka gaji aka bar ni. A shekarar da nake ba ku labari ina shekarar ƙarshe ta digiri na uku a wata cibiyar bincike can ɓangaren Giza, muna haya a hawa na huɗu a Abbasiya. Kai Sadik kana da shekara huɗu, ke Hanan kina ciki wata shida.

Sai na ɗan yi muku bayanin aikin, don ba ku taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa so a tambaye ni ba. Gansakukar teku iri-iri ce. Tawa koriya ce, mai faɗi, siririya kamar jiƙaƙƙen ganyen latas, in ka ɗaga ta ga haske kana ganin yatsanka ta bayanta. Ba a tsakiyar teku take zama ba. A gaɓa take, a kan duwatsun da ruwa ke rufewa ya kuma janye ya bar su sau biyu a kowace rana. A ƙasashen sanyi zaman wurin nan wuya gare shi. In teku ya janye ya bar ta a ɗan kwarmin dutse, ruwan sama ya sauka ko ƙanƙara ta narke, sai ruwan da take ciki ya koma kusan ruwan sha. Wata rana kuma iska ta busar da kwarmin, ko samansa ya daskare, gishiri ya taru a ƙasa har ya zarce na teku nesa. Yawancin tsirrai in aka yi musu haka sau ɗaya, shi ke nan. A ruwan da babu gishiri ƙwayoyin jikinsu su kumbura su fashe, a mai gishiri da yawa su tsotse kamar kuɓewar da aka shanya. Ita kuwa tana nan kore shar. Abin da na sa a gaba shi ne in gano iyakar juriyarta, in kuma ga ko sanyi yana ƙara mata ƙarfi ne ko yana rage mata.

Malamar da ke duba aikina, wadda kowa ke kira Daktora kawai, ita ta samo mini ganyen ta hannun wani abokin aikinta, daga wata gaɓa mai sanyi can arewacin Turai. A akwatin ƙanƙara ya zo, kuma ta gaya mini ƙarara cewa ba za a sake kawowa ba. Na yayyanka shi zagaye-zagaye kamar kwabo, na raba a kwalabe talatin da shida. Wasu ruwan teku ne zalla, wasu an sirka rabi, wasu kwata, wasu kuma na ninka musu gishiri. Kowace kwalba ruwanta a tsakiya ya tsaya, inda na ja jan layi. Mako goma sha biyu za su yi a sanyi, kowace Asabar in auna faɗin da suka ƙara, a ƙarshe in fito da ganyen in binciki abin da ya tara a jikinsa, wanda shi ne jigon aikin duka. Abu ɗaya ne ke son kulawa kullum. Ruwa yana ƙafewa kaɗan-kaɗan ya bar gishirinsa a baya, don haka in ya sauka ƙasa da layin sai in ɗiga tataccen ruwa marar gishiri har ya dawo kan layi, ba sama ba, ba ƙasa ba.

A mako na huɗu ɗakin sanyi na cibiyar ya lalace, ana tsakiyar zafin Alkahira. Aka ce sai an jira kayan gyara, kowane ɗalibi ya san inda zai kai nasa. Ammu Sayyid, mai kantin da ke ƙasan gidanmu, yana da tsohon firjin lemo mai ƙofar gilashi, ya ara mini. Mu huɗu muka hau da shi bene ana ta yalla yalla, muka ajiye shi a falo kusa da taga. Na ɗaura masa doguwar fitila a ciki, don ganyen yana son haske. Haka karatuna ya tare a falonmu, yana gurnani dare da rana, baƙi suna zuwa suna kallo.

A cikin wannan hali Inna ta iso, mahaifiyata, wadda kai Sadik ba ka tuna ba, ke Hanan kuwa sai a hoto. Ta yi Umra, muka roƙe ta ta biyo ta Masar a cire mata yanar ido. Ta sauka da jaka ɗaya da jarkar zamzam naɗe da leda, wadda ta tura ƙarƙashin gadonta, ba ta bai wa kowa sai da murfi. Ni ne ɗanta na ƙarshe, Auta take ce mini har na yi gemu. Da ta huta ta fito falo, ta tsaya gaban firjin ta kanne ido tana leƙe.

"Auta, miya ce kuka adana haka, ko magani?"

"Karatuna ne, Inna."

Ta matsa har hancinta ya taɓa gilashin. "Wannan ai gansakuka ce."

"Ta teku ce. Daga Turai aka kawo ta."

"To, madalla. Ashe Turawa ma suna da gansakuka. Ka baro ta bayan gidanmu da ko awaki ba sa kallo, ka hau jirgi ka zo ka kunna wa ta wasu fitila."

Daga kicin na jiyo mahaifiyarku tana dariya har da tari. Tun daga ranar suka haɗa kai a kaina. Kun san Nafisa Bahaushiyar Sudan ce, a Gadarif aka haife ta, kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, suka yada zango a can, zangon ya zama gida. Hausarta cike take da tsofaffin kalmomi da mu mun manta, sai Inna ta riƙe haɓa ta ce yarinyar nan bakin kakata gare ta. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, 'yar nan take ce mata. Suna zama a baranda da hantsi, gefen tukwanen na'ana'ar da mahaifiyarku ke ji da su, suna shan shayi suna lissafa halayena marasa kyau, na farko kuwa zuciya. Ku riƙe wani abu a nan. Kowace Asabar ni ke awo ina faɗa, mahaifiyarku ke rubutawa a littafi. Ta san lambar kowace kwalba da gishirin da ke cikinta. Ta fi wasu ɗaliban cibiyar sanin amfanin jan layin nan.

Aka yi wa Inna aikin ido lafiya, aka rufe mata ɗaya da auduga, ɗayan kuma dama dishi-dishi yake gani. Likita ya ja mana kunne, ban da sunkuyawa, ban da kuka, ban da ɓacin rai, ga shi tana da hawan jini. Tunda ba ta fita, sai ta mayar da kallona aikinta. Kullum bayan ta yi walaha takan zauna a kujera tana jan carbi, ni ina bin kwalabe da ɗan bututuna.

"Me kake ba su?"

"Ruwa ne, Inna. In ya yi ƙasa sai in ƙara."

"Ruwan ina?"

"Tatacce ne, wanda ya fi kowane tsabta."

Ta ce uhm, ta ci gaba da jan carbinta. Ban kawo komai a raina ba.

A mako na goma ruwan tekun da nake sirki da shi ya ƙare, na bi motar cibiya zuwa Iskandariyya ɗebo wani. Kwana biyu muka yi. Na dawo ranar Alhamis da la'asar, a gajiye, ina ƙarnin kifi. Inna tana wajen maƙwabciyarmu ana sa mata lalle. Na ajiye jarkokin, na juya wajen firjin kamar yadda na saba, sai na ga kwalabe talatin da shida duk sun cika taf har wuya. Jan layina yana can ƙasa cikin ruwa. Na ɗauko ma'aunin gishiri, na gwada ta farko, na gwada ta biyu, na gwada ta goma. Kowace gishirinta ya ragu da kusan rabi, kuma ban san tun yaushe ba. Na ƙwala wa mahaifiyarku kira.

"Wa ya taɓa firjin nan?"

Ta fito bakin kicin da jiƙaƙƙen hannu. Ta kalli firjin, ta kalli ƙofar ɗakin Inna, sannan ta kalle ni.

"Ni ce, Malam."

"Ke?"

"Na ga ruwan ya yi ƙasa, na ƙara musu na famfo. Ma'alish, ka yi haƙuri."

Da ina da hankali a lokacin, da na tsaya na tambayi kaina yadda macen da ta rubuta awon mako goma da hannunta za ta yi wannan. Ban tsaya ba. Idona ya rufe. Zan rubuta abin da na faɗa, don in na ɓoye shi wannan takarda ba ta da amfani. Na ce mata jahila. Na ce laifina ne da na kawo ilimi gidan da ba a san darajarsa ba. Na ce ba abin mamaki ba ne, ai jinin waɗanda suka kama hanyar Makka suka kasa ƙarasawa ce, ba su san a fara abu a gama ba. Kai Sadik kana ƙarƙashin tebur da motarka ta roba, ban sani ba ko kana tunawa. Ita dai tana tsaye, ko hawaye ba ta yi ba.

Sai na buɗe firjin na rungumo kwalabe na nufi banɗaki da su. A nan ne ta motsa. Ta biyo ni da gudu da cikinta, ta riƙe mini riga.

"Don girman Allah, Malam, ban da banɗaki. Ka zuba a baranda, ka zuba a tukwanen na'ana'a, ko ka ba ni in zubar da kaina. Ban da banɗaki."

Na ɗauka tsoron toshewar bututu take yi, wannan ya ƙara tunzura ni. Na fizge rigata na ci gaba da juyewa. Da ta ga ba zan saurara ba sai ta koma firjin tana kwasa ita ma, uku-uku, huɗu-huɗu, tana tallafe su a kan cikinta, tana kai su baranda tana juyewa a tukwanenta. Muna ta tsere ni da ita, kamar masu kwasar kaya daga gobara. Ta tsirar da wajen goma, sauran na zubar inda na zubar. A lokacin ne ta fara kuka, kukan da zagina bai sa ta ba. Cikin kwana uku gishiri ya ƙone na'ana'ar duka.

Da Inna ta shigo da lallenta ta tarar firjin babu komai a gaba, na ce mata an gama da su, za a mayar wa mai firji kayansa. Girman kai ne ya hana ni cewa aikina ya rushe. Ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi. Dama na san lafiya za a gama."

Ta juya wajen mahaifiyarku tana murmushi, ita kuma ta sunkuyar da kai. Bayan mako biyu Inna ta koma Nguru tana sa mana albarka.

Akwai kwalba ɗaya da ta ɓuya can lungun firjin, ba wanda ya gan ta a ranar. Kwana huɗu bayan haka mahaifiyarku ta kawo mini ita, lokacin ko gaisuwarta da ƙyar nake amsawa.

"Malam, ka duba wannan. Ba ta mutu ba. Ina ganin har ta ƙara faɗi."

Na ce ta ɗauke mini ita daga gabana. Ban ko kalla ba.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa gaya wa kowa ba, har ita. Da na je wurin Daktora na kwashe labari na gaya mata, ina jiran ta taya ni jaje, sai ta tambaye ni ina kwalaben suke. Na ce na zubar. Ta cire tabarau ta ajiye a tebur, ta daɗe tana kallona.

"Ya Harun, a gaɓar da aka ɗebo ganyen nan, in ruwan sama zai sauka, wa yake yi masa sallama? Abin da ya faru a gidanka shi ne abin da ke faruwa da shi kullum. Kana da awon mako goma a hannu. Da ka rubuta gishirin da ka tarar, ka mayar da kowace kwalba yadda take, ka zauna ka ga waɗanda suka farfaɗo, da ka sami babin da ya fi kowane kyau a littafinka. Matarka canja maka gwajin kawai ta yi. Kai ka kashe shi."

Ta ce in ina so in sake daga farko da ganyen Iskandariyya, shekara biyu. Lokacin da aka ɗiba mini na karatu ya ƙare, ke Hanan kin kusa zuwa, zuciyata kuma ta riga ta mutu a kan aikin. Na ce zan yi tunani, ban sake komawa ba. Na nemi koyarwa na samu. A gida kuwa na bar maganar a inda take, cewa ruwan famfo ne ya cinye digirin. Da farko da ɗaci nake faɗa. Da muka shirya, fushi ya wuce, sai na mayar da abin labarin ban dariya, wanda nake ba baƙi in an ci an ƙoshi. Har ina kwaikwayon yadda ta ce ma'alish. Ita kuma tana zuba shayi, ta yi ɗan murmushi ta ce Allah ya yafe mata. Na ɗauka ni ne mai kirki, tunda na yafe har ina wasa da abin.

Bayan shekara uku na je Nguru ganin gida. Wata safiya ina zaune a tabarma kusa da Inna, tana tsinkar zogale, idonta garau tana ganin har tururuwa. Sai ta ce,

"Auta, har yanzu ba su ba ka Daktan ba?"

"Tukuna, Inna."

"Ikon Allah. Ni da na juye musu fiye da rabin jarkata."

Na tambaye ta wace jarka. Ta yi dariya irin ta wanda asirinsa ya tonu da kansa.

"Ta zamzam mana. Ranar da ka tafi ɗebo ruwan teku, 'yar nan ta kai Sadik allura, na zauna ni kaɗai ina kallonsu. Na ce yaron nan yana ba su ruwa ɗigo-ɗigo kamar mai rowa, yana cewa wai nasa ya fi kowane tsabta. Akwai wanda ya fi zamzam? Na bi su ɗaya bayan ɗaya na cika su taf, kowace da bisimilla, ina roƙa maka nasara. Da ta dawo na gaya mata, na ce amana ce, kada ki faɗa masa sai ya ci jarrabawa. Ashe har yau ba ta faɗa maka ba? Yarinyar nan akwai riƙon amana."

Abin da ya fara zuwa mini ba digiri ba ne, banɗaki ne, da muryar mahaifiyarku tana roƙona. Sai a ranar na gane abin da take tsere da ni a kansa, da dalilin da ta zaɓi ta ƙone na'ana'arta. Inna ta ɗago ta ce lafiya, na ce lafiya lau, Allah ya saka da alheri, lokaci ne bai yi ba. Ta rasu shekara guda bayan nan ba ta san komai ba. Wannan shirun kaɗai ne ba na nadamarsa.

A jirgin dawowa na shirya maganar da zan yi, kalma bayan kalma. Na ce zan durƙusa mata tun daga bakin ƙofa. Na kuma sayo mata laffaya shuɗiya a kasuwa, don in haɗa da ban haƙuri. Ta buɗe ƙofa da ke Hanan a goye, tana murna, na miƙa mata laffayar na ce Inna tana gaishe ta. Iyakar abin da ya fito ke nan. Na ce gobe, in na huta. Gobe ta yi, na ce bari yara su tafi makaranta. Daga nan sai na fara samo wa kaina dalilai masu kyaun ji. Na ce tono maganar zai tayar mata da tsohon ciwo. Na ce ai amana ce tsakaninta da Inna, ba ni da hurumin shiga. Na ce kyautatawa ta fi magana, zan biya ta da hali. Duk ƙarya ce. Gaskiyar ita ce in na ce na sani, dole in tsaya gaban duk wanda na taɓa ba labarin in ce ni ne jahilin, kuma ban iya ba. Abin da na yi kawai shi ne na daina ba da labarin. Amma kun riga kun haddace shi. Kai Sadik ka gaje ni har da kwaikwayon muryar, ka ba da shi ranar walimar auren Hanan, mutane suna riƙe ciki. Ina zaune a wurin, ina kallon mahaifiyarku tana murmushin nan nata. Haka na yi kusan shekara talatin.

Da ciwon ƙodarta ya yi tsanani aka kwantar da ita, ni ke zama da ita da safe kafin ku taso daga aiki. Wata hantsi ina ba ta miyar asibiti a cokali, ta yamutsa fuska.

"Malam, kai da ka san awon gishiri, ka roƙa mini ko kwata ne a wurin likitan nan."

Na yi ƙoƙarin dariya, abin ya ƙi. Na ajiye kwanon.

"Nafisa, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita."

"Ta kwalabe ce?"

"Inna ta gaya mini. Tun zuwana Nguru."

"Na sani," in ji ta. "Ka tafi kana ba da labarin, ka dawo ka daina. Kuma kai ba mai sayen laffaya ba ne, sai ranar."

Na tambaye ta abin da ya sa ta ce ita ce. Ta maida numfashi.

"Na san bakinka in ranka ya ɓaci. Abin da ka faɗa mini, ni zan iya haɗiyewa in tashi in dafa maka abinci. Da Inna ka faɗa wa, da kai ne ba za ka sake samun barci ba har ka mutu. Ga idonta ɗanye."

"Ki yafe mini."

"Na yafe tun na'ana'ar ba ta gama bushewa ba. Kalas, wannan ya wuce." Ta juya kai wajen taga. "Abu ɗaya na yi ta jira. Na jira ka hana yaran nan. Da zan ce maka ba don ni ba ne, amma don ni ne. Ba na jin daɗi in suna dariyar, Malam. Ban taɓa ji ba."

Na riƙe hannunta na yi mata alkawari zan tara ku in faɗa muku a gabanta. Ta ce to. Kwana huɗu ta ƙara a duniya. A kwana huɗun nan kullum kuna zuwa ku biyu da la'asar, kuna zama a bakin gadonta, tana kallona, ni ina kallon ƙasa. Na ce ba lokacin tayar da hankali ba ne, bari ta ɗan ji sauƙi. Rana ta biyar muka kai ta makwancinta. Ban taɓa jin kunya irin wadda nake ji yanzu da nake rubuta wannan ba, kuma ba na neman ku rage mini ita.

To, ga shi kun ji. Mahaifiyarku ba ta taɓa zuba ko ɗigon ruwan famfo a kwalaben nan ba. Kakarku ce ta cika su da abin da ta fi ƙauna a cikin kayanta, don tana sona. Ganyen ma bai mutu ba, irin wannan ya saba gani a inda ya fito. Sadik, ka kira duk wanda ka taɓa ba labarin da kake iya tunawa, ka warware, ka ce ni na sa ka. Hanan, ki zaunar da Ummi ki karanta mata takardar nan da bakinki, kada ki tsallake zagin da na yi. In wani ya sake tambayarta abin da ya hana kakanta zama Dakta, ta ce shi ya kwashi kwalabensa da hannunsa ya zubar, kakarta tana riƙe da rigarsa tana roƙonsa.